Ƙanena ya cika min laftof da gem, ya zan yi in taƙaita shi?

Babbar yaya:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Laftof ɗina Windows 11 ce a kai, ni da ƙanena muke amfani da ita tunda shi ma yana da aikin makaranta, to akawun ɗaya ne kuma ya san PIN ɗin. Wallahi yaron nan ya loda mata gem da wasu manhajoji da ban san kansu ba, yanzu da na buɗe brauza sai talla ta dinga faɗo min ta ko'ina, shafin farko ma ya canza ba ni na canza ba. Jiya kuma na tarar da shi cikin foldar takarduna wai hoto yake nema. Ba na son in hana shi gaba ɗaya kar a ce na cika rowa. Akwai manhajar da ake sa wa folda kwaɗo ne, ko ya ake yi?

Mai gyara:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa ki manta da maganar manhajar kulle folda, ai wanda kika danƙa wa mukullin gida ba kwaɗon akwati ne zai tsare shi ba. Akawun ɗin farko da aka buɗe ranar da aka saita kwamfutar admin ne, duk wanda ya zauna a kansa zai iya sa manhaja, ya cire, ya taɓa setin ɗin tsaro, har ita manhajar kullen ya goge ta.

Ki buɗe masa nasa. Ki shiga Settings, Accounts, sai Other users, ki danna Add account. Zai nemi imel ɗin mutum, ki zaɓi inda aka ce ba ki da bayanan shigarsa, daga nan ki zaɓi buɗewa ba tare da akawun ɗin Microsoft ba. Idan kin gama ki duba ki tabbatar Standard User aka rubuta ba Administrator ba.

Kin san akwatin nan da yake fitowa allo ya dushe yana tambayar ko kin yarda manhaja ta yi canji? UAC sunansa, tun Windows Vista a 2007 yake. A akawun ɗin admin Yes kawai ake dannawa a wuce, shi ya sa ƙanen naki yake cin karensa ba babbaka, amma a nasa akawun ɗin sai an sa kalmar sirrin admin tukunna. Kuma foldarki ta cikin C:\Users ba zai iya buɗe ta ba. Sai ki canza PIN ɗinki yau ɗin nan, in za ki tashi ko ruwa za ki sha ki danna maɓallin Windows da L tare.

Tsohon hannu:
Malam ya faɗi gaskiya amma kar ki saki jiki ki ɗauka shikenan. In kina ajiye kaya a D: (ɗaya ɓangaren ma'ajiyar kwamfutar banda C:) ko a foldar Public, to nan kowa na gani, sai kin kwashe su kin mayar Documents ɗinki. Sannan akwai manhajojin da ba sa neman admin sam, a cikin AppData, wata ɓoyayyiyar folda a akawun ɗin mutum, suke zama, Chrome ma yana iya yin haka, saboda haka gem dai zai ci gaba da saukewa wasu, sauƙin abin shi ne ɓarnar a ɓangarensa za ta fi tsayawa. Tallan nan kuma ina kyautata zaton ƙananan manhajojin da aka liƙa wa brauzar ne, wato extensions, sabon akawun ba zai cire su ba tunda sun riga sun shiga naki, ki je ki cire duk wanda ba ke kika sa ba, ki buɗe Windows Security ki sa ta binciki kwamfutar gaba ɗaya. In yaro ne ƙarami akwai Family Safety, har awannin da zai yi za ki iya yanke masa, sai dai shi dole sai da akawun ɗin Microsoft.

Wanda ya taɓa ƙonewa:
Ni gargaɗi ɗaya zan yi miki yaya, naki akawun ɗin kar ki taɓa matsayinsa. Na taɓa shiga netplwiz, wajen canza matsayin akawun, ina ji da kaina na sauke akawun ɗina daga admin alhali shi kaɗai ne a kwamfutar, aikuwa duk abin da na taɓa sai akwatin ya fito da No kaɗai, babu Yes babu wajen sa kalmar sirri, firinta ma na kasa sakawa. Sai da na shiga Safe Mode, yanayin da ake tada Windows don gyara, na samu ɓoyayyen Administrator ɗin Windows sannan na gyara, kwana biyu ina fama. Yanzu akawun biyu gare ni, ƙaramin nake aiki da shi kullum, babban sai in zan sa wani abu. Ki kuma duba ko BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan ma'ajiyar kwamfuta, a kunne yake, in haka ne ki adana mukullinsa mai lamba 48 a wani waje da ba cikin laftof ɗin ba kafin ki fara irin waɗannan shige-shigen.

Babbar yaya:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri, na buɗe masa, na cire abu uku a brauzar tallan ya tsaya. Ashe rabin takarduna a D: suke, na kwashe. Yanzu gogan sai kumbure-kumbure yake, tun safe sau huɗu yana kawo min ita wai in sa masa kalmar sirri.

Mai gyara:
Hhhh ki dinga karanta sunan manhajar a jikin akwatin kafin ki sa, kuma ki ce ya juya baya, yaran nan yatsu suke kallo.