Abin da na nema a waya ya jawo mini rigima a gida

Mai Shago a Kara: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai wanga mako na sha kunya. Abokina ke shirin aure, ya ce in duba mai farashin akwatunan lefe, na duba a wayata. Da dare uwargida ta karɓi wayar za ta nemi yadda ake alkaki, tana taɓa harafin "a" sai ga "akwatin lefe saiti shida" ya fito. Na kawo abokin har gida ya yi rantsuwa, ta ce abokin ɓarawo ai ɓarawo ne. Don Allah wanda ya san yadda ake hana waya tonon asiri ya taimaka.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya huci zuciyar Hajiya. Abin da ka nema wuri biyu yake zama, cikin wayar da kuma cikin asusunka na Google. Ko ka share na wayar, na asusun yana nan. Ka shiga myactivity.google.com, za ka ga komai da rana da lokaci. Nan za ka goge, kuma kana iya sa shi ya riƙa goge kansa bayan wata 3, ko 18, ko 36. Gaba in za ka yi wa wani bincike, a Chrome ka taɓa ɗigo ukun nan na sama ka buɗe shafin Incognito. Amma kada a ruɗe ka, wayar kawai yake hana ajiyewa. Kamfanin layinka ko mai Wi-Fi ɗin da ka hau suna iya ganin sunan shafin da ka shiga, kuma in ka shiga asusunka a ciki, an san kai ne. Abin da ya fi damuna a shago shi ne masu sayar da waya ba su fita daga asusunsu ba. Makon jiya wani ya bar mini tasa, har hotunan 'ya'yansa suna ciki, sai da na bi shi bakin titi.

Ɗalibar Tarihi: Ni matsalata ba ɓoyewa ba ce, samun abin ne. Ina rubuta kundin kammala digiri a Jami'ar Danfodiyo kan baƙin da suka zo birnin nan na Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sati biyu ina rubuta "Sokoto" ina samun labaran siyasa da farashin albasa. Malaminmu ne ya ce Baturen nan Clapperton, wanda ya zo a 1824 ya kuma rasu a nan a 1827, "Sackatoo" ake gani a rubutunsa. Ina sa kalmar cikin alamar zance sai ga tsofaffin littattafai. Alamar zancen na tilasta wa Google ya kawo kalmar yadda ka rubuta ta. Haka sunan Shehu, sai ka gwada Usmanu Danfodiyo, ka gwada Usman dan Fodio, ka gwada Uthman ibn Fudi, kowanne da abin da zai kawo. In takarda kake so ka ƙara filetype:pdf, in na jami'o'in ƙasar nan kake so ka ƙara site:edu.ng. Kalmar da ta ishe ka kuma ka manna mata alamar ɗebewa (-) a gaba, ba tazara, Google zai cire ta daga abin da zai kawo. A Hausa ka nema sau biyu, da ƙ ɗ ɓ da kuma babu, don yawancin mutane ba su sa lanƙwasa. Duk da haka wasu takardun sai da na taka da ƙafata zuwa gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Maman Yara, Mabera: Ƙanwata, da na san wannan dabarar ta ƙara "site:" a bincike bara da ban yi asara ba. Ɗana ya nemi fam ɗin tallafin karatu, muka danna na farko da ya fito, tuta da tambari komai tsaf. Muka tura kuɗin rajista, shiru har yau. Ashe na saman nan sau da yawa talla ne, akwai ɗan rubutu a kansa. Yanzu sai na karanta adireshin, in an ce na gwamnati ne ban ga gov.ng ba, ban taɓawa.

Malamin Firamare: Ni tambayar rashin lafiya ko ta bashi a DuckDuckGo nake yi, shafin bincike ne kamar Google amma ba ya ajiye tarihin bincikenka. Sai dai a Hausa na ga Google ya fi shi kawo abu, shi ya sa na bar su biyun.

Mai Shago a Kara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na bi yadda mai gyara ya ce, na goge komai tas. Ɗazu Hajiya ta sake karɓar wayar, ta duba ta ga wayam, ta ce to mi kake ɓoyewa da ka share? Yanzu kuma mi zan ce mata?