Kwamfutocin ofishinmu na gajimare: wa'adi ya matso, ta ina zan fara?

Mai tambaya (Tumfure):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ina aiki da wata ƙungiya a nan Gombe, muna da ma'aikata a Kumo da Bajoga. Ni a sito aka ɗauke ni, amma da yake ina da difloma a kwamfuta, da mai riƙe da wajen ya samu aiki a Abuja sai Oga ya ce in riƙe kafin a kawo wani. Har yau ba a kawo ba, ba a ƙara mini ko sisi ba, shi kuma mutumin in na kira sai ya turo "ina mitin". Shi ya kafa mana Azure Virtual Desktop, wato tsarin Microsoft da kwamfutocin aiki ke zaune a gajimare, can a intanet, kowa da tsohon laftof ɗinsa yake shiga.

Yanzu na ga sanarwa cewa manhajar Remote Desktop da muke shiga da ita za a daina kula da ita ranar 27 ga Maris 2026, a koma Windows App. Ga kuma maganar tsohon tsarin Azure Virtual Desktop ɗin da ake kira classic, za a rufe shi 30 ga Satumba 2026. Laftof ɗinmu duk Windows 10 ne. Na saka wa akantarmu sabuwar manhajar, ta ce ita ba ta gane wajen ba, in mayar mata da tata. Me zan yi?

Injiniya (Jekadafari):
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. Ka tattara ku koma Windows 365, wani tsarin kwamfutar gajimare na Microsoft. Kowa da kwamfutarsa, kuɗin wata a yanke yake, Oganka ya san abin da zai biya. Kuma laftof mai Windows 10 da ke shiga Windows 365 yana samun ƙarin sabuntawar tsaro ba tare da an biya daban ba. In ba haka ba dala 61 ce kowace na'ura a shekarar farko, shekara ta biyu ta ninka. Tun 14 ga Oktoba 2025 aka sallami Windows 10, kai kana ta manhaja.

Na Kumo:
Injiniya, ranka ya daɗe, ba kowa ke da kuɗin kamfaninku ba. A tsarin da yake kai, mutum da yawa suna iya hawa na'ura ɗaya, kuma in ya kunna Start VM on Connect ba ta tashi sai wani ya nemi shiga. Ya haɗa da jadawalin da ke kashe su bayan tashi daga aiki. Windows 365 ko mutum ya tafi hutun haihuwa sai an biya masa. Malam mai tambaya, ku nawa ne? Kuma in ka buɗe shafin Azure kana ganin rukunin na'urorin a ciki? In kana gani, ba classic kake ba, wancan da PowerShell, manhajar rubuta umarni, ake sarrafa shi.

Mai tambaya:
Ba mu da yawa. Maganar kashe na'ura da dare ba za ta yiwu ba, Oga da tsakar dare yake aikinsa, shi ya sa na bar su a kunne. Ba sakaci ba ne.

Na Kumo:
To ai amfanin abin da na faɗa ke nan, in ya danna za ta tashi. Ba ka amsa mini maganar shafin ba.

Hajiya (Bauchi):
Ku dai kuna ta lissafi. Mu nan sabis ne ya hana mu sakat. Ranar biyan albashi kamfanin layinmu ya ɗauke, muka zauna muna kallon juna har la'asar, ga aiki can a sama ba mai iya taɓawa. Masu wuta su ma ba a magana, man janareto ya fi albashin masinja. Da fayil ɗin yana cikin kwamfutata da tuni na gama. Ni ban ga abin da gajimaren nan ya tsinana mana ba.

Injiniya:
Hajiya, wannan laifin wanda ya zaɓa muku yankin da na'urorin gajimaren suke ne. Azure ba ta da cibiya a Najeriya, ko Johannesburg ko Turai. Johannesburg kawai, an gama magana. A sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, a huta.

Ɗan Bolari:
Injiniya a yi haƙuri, ba a yanke wannan da ka. Wani layin sai ya bi ta Turai kafin ya gangara Afirka ta Kudu, sai ka ga Turan ta fi kusa. A gwada daga Bajoga tukuna. Sannan mai tambaya ya duba ko RDP Shortpath, wato gajeriyar hanyar haɗa laftof da na'urar gajimare, na aiki, don in an toshe UDP, hanyar da yake bi, a ofis allon na iya riƙa sanƙarewa. Akanta kuma a bar ta ta shiga ta burauza kafin ta saba.

Injiniya:
Na yi wa ofisoshi da yawa wannan aikin, ban taɓa gwada komai ba. Ƙanena ka same ni ta bayan fage.

Mai tambaya:
Na gode duka, Allah Ya saka. Amma yankin ba ni na zaɓa ba, kuma ba zan taɓa abin da ke aiki ba, in ya lalace ni za a kama. Shafin Azure kuwa lambar shiga wayar wancan mutumin take zuwa. Na yi wa Oga maganar, ya ce a bari sai an yi sabon kasafi.

Na Kumo:
Innalillahi. Wato makullin gidan ma yana Abuja? Da wannan ya kamata ka fara, Malam!

Mai tambaya:
Ai mutumin kirki ne, in na matsa yana turo lambar.

Hajiya:
Wai Starlink ɗin nan yana aiki da damina kuwa? Mai amfani da shi a Bauchi ya yi magana.