Billy the Kid na fim ɗin Paul Newman: da gaske bahago ne?

Mai_Son_Kaboyi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kalli The Left Handed Gun, tsohon fim ɗin kaboyi na 1958 wanda Paul Newman ya fito a matsayin Billy the Kid, shahararren ɗan bindigar Amurka. Wasu mutum huɗu suka yi wa ubangidansa Tunstall kwanton ɓauna suka kashe shi, yaron ya lashi takobin sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya harbe na ƙarshe a wurin bikin auren Pat Garrett, wanda daga baya ya zama ɗan doka. Shin haka abin ya faru? Kuma da gaske bahago ne?

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba bahago ba ne, hoto ne ya yaudari mutane. Sanannen hotonsa a kan farantin ƙarfe aka ɗauke shi wajajen 1880, irin wannan ɗauka kuwa tana juya mutum kamar madubi. Shi ya sa ƙaramar bindigarsa ta fito a ƙugun hagu. Daga baya masu lura suka duba doguwar bindigar Winchester da ya dafa, suka ga kafar zuba harsashi tana hagu, alhali kamfanin a dama yake yin ta. Nan magana ta ƙare. Wannan ɗan farantin, a 2011 aka sayar da shi dala miliyan 2.3.

Kisan Tunstall kuwa gaskiya ne, ranar 18 ga Fabrairu 1878 a gundumar Lincoln ta New Mexico. Sai dai fim ya mai da shi dattijo mai nasiha, alhali matashi ne ɗan Ingila mai shekara 24, wanda ya buɗe kanti yana gogayya da manyan 'yan kasuwar yankin, su Murphy da Dolan. Rigimar kasuwa ce da kwangilar naman shanu. Billy ma ba shi kaɗai yake yawo ba, yana cikin gungun da ake kira Regulators, su ne suka harbe shugaban 'yan dokan gundumar, William Brady, a tsakiyar gari ranar 1 ga Afrilu.

Ummu_Khalil:
Ni fa abin da ya hana ni sakewa da fim ɗin shi ne shekaru. Newman yana da 33 a lokacin, aka ce ya fito a yaron da bai kai 20 ba. Sai tsalle-tsalle yake yana dariyar ƙuruciya, fuska kuwa ta magidanci.

Baban Zahra:
Hajiya, kin yi gaskiya kan fuska, amma kada ki raina wasan. Darakta Arthur Penn, wanda wannan ne fim ɗinsa na farko, bai nuna Billy a matsayin gwarzo ba. Yaro ne mara karatu da ya rasa wanda ya ja shi a jiki, fansar da ya nace a kai ta cinye abokansa biyu. Dubi ƙarshen: ya juyo kamar zai zaro bindiga, Garrett ya harbe shi, ashe kuben fanko ne. A zahiri cikin ɗaki mai duhu Garrett ya harbe shi a Fort Sumner, daren 14 ga Yuli 1881, yana ɗan shekara 21.

Mai_Son_Kaboyi:
Allah ya ƙara sani, Malam. To shi Garrett ɗin, da gaske aminin Billy ne kafin ya zama ɗan doka, ko shi ma ƙarin gishirin masu fim ne?