Waɗanda suka taɓa zuwa wasa da yara a gidan marayu, ku ba mu labari

Ɗaliba daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙawayena uku muna son mu riƙa leƙa wani gidan marayu duk Asabar, sashen 'yan shekara 3 zuwa 6. Ba mu da kuɗin buhun shinkafa, lokaci kawai gare mu. Da me ya kamata mu tafi?

Malamar firamare, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ranar farko na kai fensira masu launi, kafin minti goma sun kakkarye, wani ma ya tauna nasa. Mako na biyu sai na tafi da yumɓu a bokiti. Nan fa ido ya raina fata! Akwai wata 'yar ƙarama da ban taɓa jin muryarta ba, kullum tana lungu da yatsa a baki. Ta gina tukunya har da murfi, ta jera duwatsu uku ta ɗora, ta ja zanena ta ce, "Anti, tuwo ya nuna." Na ɓalli loma ta ƙarya na ci, ta fashe da dariya. Ki sa tsohon zane dai, don da taɓo za ki koma gida.

Tela, Maraɗi:
Ƙyallayen da ke zube a shago nake tarawa, muna ɗinka 'yar tsana. Mazan kuwa ba su da magana sai motar kara da langa. Allura a hannuna kaɗai take zama.

Mai karatun halayyar ɗan Adam, Sakkwato:
Ni kuskurena zan faɗa. Na je sau huɗu, jarrabawa ta zo na ɗauke ƙafa. Da na koma, mai rainon ta ce wani yaro ya yi Asabar uku yana tsaye bakin ƙofa da ƙwallon tsumman da muka ƙulla. Ya gan ni, ya juya baya. Ga shi a aji mun karanta halin da aka tarar da yaran gidajen marayun Romaniya bayan 1989, da binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a 2000 kan yara 136, inda rashin mai kula tsayayye ya bar musu tabo. Na sani a takarda, amma ban gane ba sai ranar.

Hajiya, Kaduna:
'Yata, ku fara neman izinin shugabar gidan. Waya ta zauna a jaka, ba a ɗaukar hoton ɗan mutane a watsa. Kada ku ce "marayu" a gabansu, ku koyi sunayensu. Ni tabarma nake shimfiɗawa, in ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta". Gizo da Ƙoƙi ba sa gundurarsu. Har wani yake rigana cewa ƙurunƙus.

Ɗaliba daga Kano:
Allah ya saka da alheri. Mun shirya bibbiyu za mu riƙa zuwa, kada Asabar ta wuce ba kowa. Anti ta Zariya, yumɓun a wurin magina tukwane kika saya, ko a bakin kududdufi kika ɗebo?