Tsoffin fadojin ganuwa na Turai: bakin Kogin Rayin ko bakin Luwar?

Alhaji Sani, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana da ke aiki a birnin Mainz na ƙasar Jamus ya gayyace mu ni da mahaifiyarsa, ya ce mu zaɓa tsakanin watan Yuli da Satumba, kuma cikin makonni uku da za mu yi a can zai samu hutun kwana bakwai domin ya zaga da mu. Tun ina ƙarami nake da sha'awar tsoffin gine-ginen sarauta, na je Rai Buba sau biyu don kawai in ga katangar fadar Lamiɗo, saboda haka abin da nake so in gani a Turai shi ne fadojin nan na dutse masu ganuwa da garuruwan bakin kogi. Shi yaron yana cewa mu tsaya a kwarin Rayin tun da yana kusa da shi, ni kuwa zuciyata tana karkata ga kwarin Luwar na Faransa, domin a can aƙalla zan ji abin da ake faɗa da kunnena ba tare da tafinta ba. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, sannan akwai batun abinci da salla. Wanda ya taɓa zuwa ɗaya daga cikin wuraren nan, ina roƙon ya ba ni shawara.

Malam Haruna, Injamena:

Wa alaikumus salam Alhaji. Na yi kwana huɗu a kwarin Rayin shekaru biyu da suka wuce, kuma shawarata ita ce ka bi maganar ɗanka. Tsakanin Bingen da Koblenz, tafiyar kilomita 65 kacal, akwai fadoji da kufai wajen arba'in a kan duwatsun da suka sa kogin a tsakiya, abin da ya sa hukumar UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Daga Mainz zuwa Bingen ba ya wuce rabin awa a jirgin ƙasa, don haka kuna iya fita da safe ku koma gida ku kwana, ba tare da kuɗin masauki ba.

Abin da na fi so ka riƙe a ranka shi ne dalilin da ya sa suka yi yawa haka a wuri guda. Kafin in je na ɗauka gasar ƙawa ce tsakanin sarakuna, sai da na shiga Pfalzgrafenstein na gane cewa yawancinsu gidajen duwan ne, wato na karɓar harajin kaya. A wancan zamani kogin shi ne babbar hanyar fatake tsakanin kudu da arewa, kuma a wannan yanki ya matse tsakanin duwatsu ta yadda jirgin kaya ba shi da wata mafita, sai kowane basarake da ya mallaki wani ɗan yanki na gaɓa ya gina hasumiya ya riƙa karɓar kuɗin fito. Ita Pfalzgrafenstein a kan wani ɗan tsibirin dutse take a tsakiyar ruwa daura da garin Kaub, an yi mata siffar jirgi mai tsinin goshi don ta riƙa tsaga ambaliya da ƙanƙara. Sarki Ludwig na Bavariya ne ya gina hasumiyarta a 1326 zuwa 1327. Ana gitta sarƙa a kogin, jirgi ba ya wucewa sai ya biya, wanda ya ƙi kuwa a zura shi cikin wani rami mai kama da rijiya a ƙasan hasumiya, ya zauna kan katakon da ke yawo a ruwa har danginsa su fanshe shi. Da ƙaramin kwale-kwale mai inji ake kai mutane daga Kaub. Na leƙa ramin nan, sanyi da warin danshi suka bugi fuskata, na tuna kakana da ya yi fataucin kanwa, wanda ba ya gajiya da ba mu labarin yadda kowane sarkin gari yake tare ayari sai an ajiye masa rabonsa. Ba a daina karɓar kuɗin fito a Kaub ba sai bayan da Farusiya, wata masarauta ta Jamus, ta karɓe yankin a 1866.

Kada kuma ka bar Koblenz. Sunan garin daga kalmar Latin mai ma'anar mahaɗa ya samo asali, domin a nan Kogin Mozel ya shiga Rayin, kamar yadda Logon ya shiga Shari a tsakaninmu da Kusiri. Akwai keken sama mai tafiya a kan waya da ke tsallaka kogin ya kai mutum sansanin Ehrenbreitstein, daga can kana kallon kogunan biyu a ƙarƙashinka. Kai da ka saba ganin Binuwai a Garwa, wanda jiragen kaya ba sa iya bi sai ruwa ya cika da damina, za ka daɗe kana kallon yadda manyan jiragen dakon kaya suke bin juna a Rayin dare da rana, ko da yake shi ma ya janye ƙwarai a bazarar 2018 da ta 2022 har sai da aka rage wa jirage lodi.

Hajiya Mairo, Marwa:

Alhaji, ina yi wa Hajiya sannu da jiki. Duk abin da Malam Haruna ya faɗa haka yake, amma bai yi maganar gwiwa ba, ni kuwa da irin wannan ciwon na je, saboda haka bari in faɗa muku abin da ƙafata ta gani. Waɗannan fadoji an gina su ne da nufin hawansu ya yi wa abokin gaba wuya, kuma har yau wuyar tana nan. A Marksburg, wadda ke saman garin Braubach, ba a shiga sai da ɗan rakiya, zagayen yana ɗaukar kusan minti hamsin, kuma mashigar farko dutse ne tsagwaronsa da aka sassaƙe don dawaki, ga santsi ga rashin daidaito. Na kai ƙarshe da taimakon jikata, amma kwana biyu ina jiƙa ƙafa a ruwan zafi. Idan Alhaji yana son ganinta, kuma ta cancanci gani domin ita kaɗai ce fadar kan tudu a wannan yanki da ba a taɓa rushewa ba, to Hajiya ta jira shi a ƙasa cikin garin, akwai kujeru a bakin ruwa.

Abin da zai yi mata daɗi shi ne jirgin ruwan fasinja. Ku shiga a Bingen ku sauka a Sankt Goar, kimanin awa ɗaya da rabi idan kuna bin ruwa, tana zaune za ta ga fadojin suna wucewa dama da hagu, har da dutsen Loreley inda kogin ya fi matsewa. Kada ku yi tafiyar da ke gaba da ruwa, ta fi jan lokaci sosai. Ku sani kuma babu gada ko ɗaya tsakanin yankin Mainz da Koblenz, da jirgin fito ake tsallakawa, har da motoci. Fadar Eltz da ke cikin daji kusa da Mozel ita ma ana iya kai ta, domin akwai ƙaramar motar da ke sauke mutane daga inda ake ajiye motoci zuwa kusa da ƙofa, sai dai a cikin ɗakunan akwai matakala. Zuriya ɗaya ce ke riƙe da gidan fiye da shekara 850.

Game da abinci, yankin gonakin inabi ne, giya ita ce sana'ar garuruwan, naman alade kuma yana cikin yawancin girkinsu, har miyar da ba ku zata ba. Mu dai mun riƙa yin guzuri daga gida, idan ya ƙare mu nemi shagunan Turkawa, waɗanda ba sa wuyar samu a Koblenz da Mainz, inda kuma akwai masallatan Juma'a. A ƙananan garuruwa kifi da dankali muke ci bayan mun tambaya. Ku zaɓi Satumba. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, isha'i ta yi nisa, asuba kuma ta zo da wuri ƙwarai, ga tsofaffi irinmu barcin ba ya isa. Ku dai tafi da rigar sanyi, domin iskar kan ruwa da safe ta fi ta hunturun Marwa ratsa jiki.

Abdullahi, malamin tarihi, Kusiri:

Baba Alhaji, barkanku da wannan niyya. Ina da gyara guda da nake ganin ya kamata ku tafi da shi, tun da ginin asali kuke son gani. Da yawa daga cikin fadojin Rayin da Mozel da suke kyau a hoto ba ginin tsakiyar zamani ba ne. Sojojin Sarki Luwi na 14 na Faransa sun rusa da dama a 1689, suka zama kangaye fiye da shekara ɗari, sai a ƙarni na 19 'ya'yan sarautar Farusiya da attajirai suka sake gina su yadda suke ganin ya kamata tsohuwar fada ta kasance. Ta garin Cochem misali ce: wani attajirin Balin mai suna Louis Ravené ya sayi kufanta a 1868 ya tayar da ita. Stolzenfels ma haka. Saboda haka Marksburg da Pfalzgrafenstein da Eltz da aka ambata muku su ne za ku ba muhimmanci, sai kuma kufan Rheinfels a saman Sankt Goar, wadda aka fara ginawa a 1245.

Luwar ma tana da irin wannan ruɗani ta wata fuskar, domin fitattun gidajenta irin su Chambord, da aka soma a 1519, gidajen hutu da farauta ne na zamanin da aka daina buƙatar ganuwa. Masu kama da sansanin yaƙi su ne Chinon da kuma Angers mai hasumiya goma sha bakwai, kuma suna nesa da juna, sai da mota ko doguwar tafiyar jirgin ƙasa. Duk da haka, da ni ne, ba zan bar Amboise ba. A wannan fada Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya, jagoran da ya yaƙi mamayarsu, da iyalinsa da mabiyansa daga 1848 zuwa 1852, wasu daga cikinsu a can Allah ya karɓi rayukansu, kuma an keɓe wani lambu a harabar don tunawa da su. Na tsaya a wurin na yi musu addu'a, kogin yana gudana a ƙasa, ban iya magana ba na ɗan lokaci.

Ta fuskar takarda babu matsala, bizar Shengen guda ta isa ƙasashen biyu, amma a ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa ake nema, wato na Jamus a Yawunde. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba, kusan sefa dubu 59, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai ta yuro dubu 30.

Alhaji Sani, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hajiya amsoshinku gaba ɗaya, mun tsaya a kan Satumba, kuma kwana biyar za mu ba Rayin da Mozel muna kwana a Mainz. Maganar Amir Abdulƙadir ta tsaya mini a rai, Malam Abdullahi, ban taɓa sanin a can aka tsare shi ba. Na ce wa yaron ya duba ko sauran kwana biyun za su ishe mu zuwa Amboise ta Faris ni da shi, Hajiya ta huta a gida tare da surukarta. Hajiya Mairo, maiɗakina tana tambaya ko sandar dogarawa ta taimaka miki a kan duwatsun da aka shimfiɗa a titunan garuruwan, da kuma irin takalmin da kika sa.