Shin An Zuzuta Shata?

Ɗan Fagge:

Sallama gare ku, iyaye da yayye,
Zancen da ke raina ban ɓoye shi ba.

Na saurari Shata dare da rana,
Abin da kuke ji, ni ban ji shi ba.

Kalangu na tashi, amshi guda ne,
Minti ashirin ba a canza shi ba.

Ya kira Alhaji, ya kira ɗansa,
Da mota da doki, bai bar gida ba.

Kirarin masu kuɗi ne aka jera,
In an cire suna, ban ga saura ba.

Rediyon Kaduna ce ta ɗaga shi,
Babu ranar da ba a sako shi ba.

Abin da kunne ya sha tun daga goyo,
Ba ya iya cewa bai yi daɗi ba.

Ban raina shi ba, Allah ya jiƙan sa,
Cewa babu kamarsa ce ban yarda ba.

Baba Mai Gyaran Rediyo:

Ɗana, na ji ka, ban ji zafi ba,
Kaset ka sani, ni na ga tsayuwa.

A Funtuwa, ina saurayi ɗanye,
Na rufe shago na bi masu zuwa.

Fitilar gas biyu, benci da tabarmi,
Yara sun ɗare rassan ɗorawa.

Wani direba ya shigo da ƙurarsa,
Yana tsaye, hularsa yake gyarawa.

Sanƙira ya raɗa sunan garinsu,
Shata ya ɗaga kai, babu dakatawa.

Nan take ya ɗinka shi cikin waƙar,
Har tashar da yake lodi da saukewa.

Ƙato da gemu ya fashe da kuka,
Ya zare agogonsa yana miƙawa.

Ba takarda, ba gwaji a ɗaki,
A bakinsa baitin yake tsirowa.

Amshin da ka ce guda ne, ɗana,
Turke ne, a nan yake ɗaurewa.

Ya kai ka Ikko, ya kai ka Makka,
Amshi na nan yana jiran komowa.

Ka ce attajirai kaɗai ya sani,
Manomi fa, da ya sa shi ga shukawa?

Da yaƙi ya ɓarke a 1967,
Soja ya yi wa waƙar ƙarfafawa.

Kumbon da ya sauka wata a 1969,
Ya sa shi a kalangu muna amsawa.

Jami'ar Ahmadu Bello a 1988
Ta ce masa Dakta, ɗan Musawa.

Malaman Hausa ne suka zauna kansa,
Ba don kuɗi suka yi karramawa.

Bagobirin Isa:

Baba, gaishe ka, ban musa maka,
Amma yaro na da rabin gaskiya.

Mu can Isa kotso munka sani,
Narambaɗa na Tubali, shi ar rijiya.

Baiti guda nai sai ka kwana
Kana juya shi cikin zuciya.

In ya yi habaici, sai an kwan ukku
Mai shi ya farga da safiya.

Sarkin Gobir Amadu ya riƙa,
Fada ya zamna, ba shi yawon duniya.

Ya rasu tun kaset bai yaɗu ba,
Kaɗan cikin aikinai ya kai zuriya.

Shata ko ya kai har 1999,
Shi da na'ura sun daɗe ga tafiya.

Wanda anka ɗauka, shi aka ji,
Wanda ba a ɗauka ba, sai sauraren jiya.

Ɗauko su biyu ka aza ma'auni,
Kowane na da tashi Bakandamiya.

Na auna su shekara da shekaru,
Wallahi ta Isa ita ta rinjaya.

Inna 'Yar Funtuwa:

Ku dai maza kun zauna kuna awo,
Ba wanda ya leƙa cikin gidan mata.

Funtuwar da Baba ya je kallo,
Nan Barmani Coge take da ƙwaryarta.

Ƙwarya a kife a kan ruwan baho,
Da 'yan sanduna, su ne kayanta.

Uwata na daka tana bin amshi,
Taɓarya na sauka daidai da muryarta.

Barmani ta ce mu tashi mu nemi na kanmu,
Mace ta san hanyar kwabonta.

Daga nan uwata ta kafa kasko,
Ƙosai take yi, ni ke tallanta.

Da shi ta saya mini gado da kwalla,
Da shi ta biya wa auta makaranta.

Waƙar amada ce ta yi wannan,
Amma in ana lissafi sai a tsallake ta.

Barmani ta rasu a 2013, mun yi kuka,
Har yau in an kaɗa ƙwarya ina tuna ta.

Ban ce a rage wa Shata komai ba,
Ni dai a ƙara mudu a kwanonta.

Ɗan Fagge:

Inna, kin taɓa ni, kakata ma
Ba ta taɓa biki babu amada ba.

Baba, daren jiya na nemo ta kumbo,
Na ji sau uku ban yi barci ba.

Na yarda mai yin haka nan take,
Ba a cika samun irinsa a ƙarni ba.

Amma dogayen na Alhaji wane,
Har yanzu ba su shiga raina ba.

Yaya Bagobiri, na kunna Narambaɗa,
Rabin kalmominsa ban gane ba.

In za ka warware min baiti-baiti,
Ba zan gaji da zama gabanka ba.

Baba Mai Gyaran Rediyo:

Ku zo shagona ranar Asabar,
Da la'asar, kafin in fara rufewa.

Akwai kwali guda ƙarƙashin tebur,
Kaset ne fal, wasu na son liƙewa.

Bagobiri, zo da naka na kotso,
Inna, a aiko na amada da yaran makwabta masu zuwa.

Ɗana, kai ka riƙo biro a aljihu,
Zaren in ya zubo kai ke naɗewa.