Me ya sa Jos ke sanyi alhali Bauchi na fama da zafi?

Ɗan Bauchi:
Assalamu alaikum. Ina safarar kayan gwari tsakanin Jos da Bauchi, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. A watan Afrilu nakan bar Bauchi ina sharce gumi, amma da zarar na wuce Toro mota ta fara hawa, sai iska ta sauya har in ɗaga gilashi, alhali tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba. Don Allah masana su yi mini bayani.

Malamar Makaranta:
Wa alaikumus salam, Malam. Tudu ne ya raba garuruwan nan biyu. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, ita kuwa Bauchi wajen rabin haka, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da digiri 6 da wani abu. Batun ruwan sama ma ya fi wannan ban sha'awa a wurina. Iskar damina tana tasowa ne daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da danshi, idan ta iske duwatsun Kagoro da gangaren Filato sai ta hau dole, ta yi sanyi, hadari ya haɗu, ta zubar da ruwanta a can. Kafin ta gangaro ɓangarenku ta riga ta sauke mafi yawan kayanta, shi ya sa Jos kan samu kusan milimita 1,400 a shekara, Bauchi kuwa ba ta kaiwa haka.

Manomi daga Bokkos:
Malama ta yi gaskiya, sai dai sanyin nan yana da nasa wahalar. Shi ne ya ba mu dankalin turawa da kabeji, amma a farkon damina ƙanƙara kan sauko ta yayyaga ganye cikin ɗan lokaci, kuma idan hazo da yayyafi suka yi kwanaki ba rana, sai ganyen dankali ya yi baƙi ya ruɓe. Bara na tashi da safe na tarar da rabin gonata a haka.

Ɗan Gembu:
Malam, idan Allah ya kawo ka Mambila za ka ga abin da ya fi na Jos. Mu muna sama da mita 1,500, ganyen shayi ake nomawa a Kakara, kuma a watan Agusta hazo kan rufe hanyar hawa dutse har direba ya kunna fitila da tsakar rana.